Fenti Ba Ya Huɗa: Ja-in-ja Kan Kuɗin Tsohuwar Tarakta a Kwanar Dangora

Makalar wannan makon ta bar cikin gari, ta bi titin Zariya zuwa Kwanar Dangora, kuma magana ce ta ƙarfe da baƙin mai.

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu zuwa Mayu, tsofaffin taraktoci kan fara fitowa neman mai saye a ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa. An wanke su tas, an fesa musu jan fenti, an manna sabon tambari a hanci. Dillali zai buga tafin hannunsa a kan ƙarfen ya ce maka, "Alhaji, wannan 'yar Ingila ce, irinta ta ƙare." Daga nan ya ambaci kuɗin sabuwa, ya raba shi biyu, ya ce ai an yi maka sauƙi. Ina da ja da wannan lissafi tun daga tushensa. Abin da manomi ke saya a jikin tsohuwar tantan shi ne aikin da ya rage mata: damina nawa za ta ƙara yi, kadada nawa za ta kafce kafin ta kwanta, kuma in ta kwanta wa zai tashe ta da nawa. Duk farashin da bai fito daga amsar waɗannan tambayoyi ba, cuta ce ga ɗaya daga cikin masu cinikin.

Kada wani ya ce ina ruwan mai riƙe da alƙalami da wannan. A gidaje da yawa, wanda ya iya rubutu shi ake kira ya rubuta takardar ciniki, shi ne magatakardan ƙungiyar manoma, shi ake miƙa wa biro ranar rabon gado. Sunanka zai zauna a ƙasan adadin kuɗin. Gara ka san daga ina adadin ya fito.

Mu fara da yadda waɗannan ƙarafa suka shigo yankin. An gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani na Kadawa ya kankama. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a shekarar kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980, KNARDA ta biyo baya a farkon shekarun 1980. A wannan zamani ne kamfanin Steyr ke harhaɗa taraktoci a Bauci, kamfanin NTM kuma na harhaɗa na Fiat a Kano, ga Massey Ferguson ana shigo da ita daga Ingila. Gwamnatoci suka sayi taraktoci suna bayar da haya. Da yawa suka kwanta a harabar ma'aikatu saboda rashin kayan gyara, wasu aka yi gwanjonsu suka faɗa hannun 'yan kasuwa da manyan manoma. Bayan su aka ci gaba da shigo da na hannu daga Turai, da sababbi ƙirar Pakistan. Saboda haka abin da muke kira "tsohuwar tarakta" tarkace ne iri-iri. Akwai wadda ta haura shekara 40 a gonakin Kano, akwai wadda ta tsufa a Turai kafin ta iso. Sanya su duka a ma'auni ɗaya shi ne kuskuren farko.

Hujjar dillali ta farko ita ce kyan jiki. Gwangwanin fenti da ladan mai fesawa ba su kai kuɗin tayar baya guda ɗaya ba, amma suna iya ɗaga farashi fiye da sabon inji, domin ido ya fi kunne saurin yarda. Abin da ya fi muni, fenti na rufe shaida. Tsagewar da aka yi wa walda a jikin inji ko a kwandon giya, wurin da baƙin mai ke tsatsafowa, ƙusar da aka ɗaure da waya, duk sukan ɓace a ƙarƙashin ja. Ni a wurina tarakta mai ƙura da tsohon launinta ta fi saukin karantawa, don duk ciwonta a fili yake. Wadda aka fesa mako biyu kafin ciniki, tambaya ta farko da za a yi wa mai ita ita ce: me aka rufe?

Hujja ta biyu suna da tsufa. A nan ne wayar hannu ta ƙara ruɗa mutane. Matashi zai buɗe intanet ya ga an yi gwanjon tsohuwar Ferguson a Ingila da kuɗi mai kauri, ya juya fam zuwa naira, ya ruga ya gaya wa mahaifinsa cewa dukiya ce ke kwance a bayan gida. Gaskiya ne akwai wannan kasuwa a can. Ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, TE20, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a Coventry tsakanin 1946 da 1956, da MF 135 da ta fito a 1964, suna da masoya da ke saye su adana, su goge, su kai wurin baje koli. Waɗancan mutane tarihi suke saye. Suna biyan kuɗin cewa ba a taɓa sauya mata komai ba, kuma ba sa bukatar ta ja garma ko na yini ɗaya. Wa zai sayi tarihi a Kwanar Dangora? Mai sayen nan yana da gonar masara a Doguwa ko fadamar shinkafa a Tudun Wada, ruwa ya sauka, maƙwabta sun biya shi kuɗin haro tun kafin ya tayar da inji. Tsufan da ke ƙara daraja a Ingila, a nan lalacewa ce da za a cire daga kuɗi.

Ban ce suna ba shi da amfani ba. Yana da shi, amma ta wata ƙofa dabam da wadda dillali ke nunawa. Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75 tana riƙe kuɗinta a Arewa ne saboda injin Perkins ɗinta mai silinda huɗu kusan kowane bakaniken tarakta ya san cikinsa, ba ta da kwamfuta, kuma ana ci gaba da ƙera kayan gyaranta. An rufe masana'antar Coventry tun farkon shekarun 2000, amma kamfanin Millat na Pakistan na ƙera irin waɗannan taraktoci da lasisi, don haka ringi da fistin da farantin kuloci ba sa yankewa a kasuwannin Kano. Steyr kuwa kamfanin Case ya saye shi a 1996, taraktocin Fiat sun haɗe da Ford New Holland a 1991, kuma tsofaffin ƙirarsu neman kayansu ya fi wuya. Za ka iya samun Steyr da ta fi Massey lafiya a yau, duk da haka ta cancanci kuɗi ƙasa da ita, domin ranar da famfon manta ya mutu sai an yanka wata kafin a tashe ta. Sunan da ke kan hanci yana gaya maka sauƙin gyara ne. Bai gaya maka halin da wannan tarakta ɗaya da ke gabanka take ciki ba.

Hujja ta uku ita ce dala, kuma ita ce mafi ƙarfi, don akwai gaskiya a cikinta. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Sabuwar tarakta ta yi tsada, dole tsohuwa ta bi ta. Na yarda. Amma mai sayarwa yana faɗin rabin maganar ne. Dalar da ta ɗaga kuɗin sabuwa ita ce ta ɗaga kuɗin taya da batir da ringi da famfon haidurolik. Idan tarakta lafiyayya ce, tashin dala riba ce ga mai ita. Idan kuwa tana bukatar a sauke inji, tashin dala ya ninka bashin da ke ɓoye a cikinta, kuma mai saye ne zai biya. Raba kuɗin sabuwa biyu yana ɗaukar ribar ya bai wa mai sayarwa, ya bar wa mai saye bashin.

To yaya ya kamata a yi? Ba sai an kira masani daga jami'a ba. Iyaka biyu za a fara kafawa, ta ƙasa da ta sama.

Iyakar ƙasa ita ce abin da za a samu in an yanka ta. Tarakta irin 375 ta haura tan biyu, kuma 'yan gwangwan da kilo suke saye. A kan wannan a ɗora kuɗin sassan da za su sayu daban: inji, giya, gatarin baya, tayoyin da ke da sauran rai. Ko matacciyar tarakta ba ta sauka ƙasa da wannan, kuma duk wanda ya taya ƙasa da haka ya san abin da yake yi.

Iyakar sama ita ce kuɗin da aka sayar da lafiyayyar irinta a kwanan nan. Ku lura, na ce kuɗin da aka sayar, wanda aka yi sallama a kai, kuɗi ya sauya hannu. Kuɗin da ake nema a bakin titi buri ne kawai. Makanikan tarakta da direbobi sun fi kowa sanin wannan, don su ne ke raka masu saye. A tambayi biyu ko uku da ba su san juna a cinikin ba.

Daga iyakar sama sai a fara cirewa. Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi, lafiyayyar irinta naira miliyan 10 ce. Bakanike ya duba ya ce inji na bukatar ringi da layina, miliyan ɗaya da rabi. Tayoyin baya sun cinye, miliyan ɗaya. Haidurolik ba ya riƙe garma, rabin miliyan. An sauko miliyan 7. Har yanzu da saura, domin gyara na cin kwanaki, kuma ba a taɓa buɗe tsohon inji an tarar da abin da aka zata kaɗai ba. A rage wani abu saboda wannan. In da garma da haro da rija da tirela, a yi wa kowanne kuɗinsa daban a ƙara, kada a bar su su shige a matsayin gyara, kada kuma a bar su su rufe raunin uwar.

Daga ƙarshe a gwada adadin da aikin da za ta yi. Lokacin kaftu da haro da huɗa makonni ne ƙalilan a farkon damina. Bayan su sai jigilar amfanin gona da kaka, da ɗan aikin rani ga wanda ke kusa da ruwa. A lissafa abin da take shigowa da shi a shekara, a cire man gas da ladan direba da yaron mota da gyaran yau da kullum. Abin da ya rage, shekara nawa zai ɗauka ya mayar da kuɗin saye? Idan amsar ta fi shekarun da bakanike ke ganin za ta ƙara yi, ciniki ya faɗi, ko da dillali ya rantse. Kuma a tuna cewa tarakta da ta kwanta kwana 10 a watan Yuni ta yi asarar da ba ta dawowa, don ƙasa ba ta jiran kowa. Manoman da suka biya kuɗin haro za su karɓi abinsu su tafi wurin wani, baɗi ma ba lallai su dawo ba.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan duba na gaskiya, kuma duba na gaskiya da sassafe ake yinsa. Ka je kafin rana ta fito, ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka koma gobe. Injin da ya gaji yana tashi da sauƙi in ya yi zafi, asirinsa na tonuwa ne a sanyi. Da ta tashi ka dubi hayaƙi. Shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai. Fari da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi na nuna ruwa na shiga silinda ko nozul sun lalace. Baƙi mai yawa matsalar mai ce ko ta iska. Ka duba bututun da inji ke numfashi ta gefe, in yana fesa hayaƙi da ƙarfi ringi sun tafi. Ka zaro gejin baƙin mai, in ya yi kamar an zuba madara, ruwa ya haɗu da mai. Ka buɗe lagireto tun tana sanyi, ka duba ko ruwan na kumfa bayan an tayar. A ɗaura garma a ɗaga ta sama a kashe inji, a ga ko za ta tsaya ko za ta sulale ƙasa. A kunna sandar nan ta baya mai juyawa, wadda makanikai ke kira PTO. Sannan a shiga gona da ita, a kafa garma a ƙasa mai tauri, don a nan ne kuloci mai santsi da giyar da ke fita da kanta ke bayyana. Zagaye fili ba kaya ba gwaji ba ne.

Agogon awa da ke gaban direba kuwa kada ka dogara da shi. Sau da yawa ya mutu tun da daɗewa, ko an sauya shi. Ka dubi fedar kuloci da ta birki yadda ƙafa ta cinye su, da ramin da ake ɗaura tirela yadda ya faɗaɗa, da wasan sitiyari. Waɗannan ba a iya mayar da su baya. Kuma bakaniken da zai yi duban ya zama naka, kai ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, la'adarsa na cikin cinikin.

Sai takarda. Lambar jiki da ta inji su yi daidai da abin da ke rubuce. A san daga hannun wa ta fito, in gwanjon gwamnati ce a ga rasit. Taraktoci da yawa sun shigo hannun mutane ta hanyar rance ko ƙungiya, kuma wadda ba a gama biyan bashinta ba, ko wadda aka goge lambarta, ba ta da farashi ko kaɗan, rigima ce kake saye da kuɗinka.

Har yanzu maganata ta fi karkata ga kare mai saye. Amma akwai wurin da cutar ke juyawa, kuma shi ya fi ci mini rai: rabon gado. Mahaifi ya rasu ya bar tarakta. Ɗa ɗaya ne ke tuƙa ta, shi ya san abin da take shigowa da shi. Ranar ƙiyasi sai ka ji bakinsa ya cika da aibobinta: ta tsufa, tana shan mai, gwangwan ce. Matan mamaci da 'ya'ya mata da ƙananan marayu ba su taɓa buɗe murfin inji ba, ba su da abin cewa. A yi mata kuɗin ƙarfe, ya karɓe ta a rabonsa, damina na zuwa ta fita aiki kamar ba ita ba. Mutumin da zai kira ta 'yar Ingila in zai sayar, shi ne ke kiran ta gwangwan in zai gada. Maganin duka biyun ɗaya ne: iyakar ƙasa, iyakar sama, kuɗin gyara daga bakin bakaniken da ba shi da rabo, da lissafin abin da ta samar a daminar da ta wuce. In magada sun kasa daidaitawa, a sa ta a kasuwa a fili, wanda ke so a cikinsu ya biya abin da bare ya taya.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce ciniki yarda ne, kasuwa ce ke yanke farashi, wanda ya ga zai iya ya saya. Wannan gaskiya ne ga buhun masara. A kasuwar Kwanar Dangora buhu nawa ake sayarwa a yini, kowa na jin farashi, kowa na iya soka hannu ya ga ƙwayar. Tarakta kuwa jefi-jefi ake cinikinta, a ɓoye ake sallamawa, kuma ɗaya daga cikin masu cinikin ya san cikinta shekara da shekaru, ɗayan awa biyu ya gan ta. Yardar da aka gina a kan abin da aka ɓoye wace irin yarda ce? Malaman fiƙihu sun daɗe da rufe wannan ƙofa: ɓoye aibin kaya haramun ne, mai saye na da damar mayar da abin da ya gano yana da tsohon aibi, haka nan an hana a sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a zuga na gaskiya. Mun san waɗannan hukunce-hukunce in ana maganar saniya ko doki. Ban ga dalilin da zai sa mu manta da su don dabbar ta ƙarfe ce ba.

Za a kuma ce ina ɓata wa dillalai sana'a. Dillalin da ya san aikinsa ba ya tsoron a zo da sassafe. Wanda ya haɗa ciniki, tarakta ta yi damina uku ba ta ba da kunya ba, masu saye za su riƙa nemansa har gida. Wanda maganata za ta ɓata wa kasuwa shi ne mai gwangwanin fenti.

Wasu kuma za su ce a rabu da tsofaffin gaba ɗaya, gwamnati na kawo sababbi. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus. Allah Ya sa su isa gona. Amma a raba 2,000 ga ƙananan hukumomi 774, a ga nawa zai zo Kiru. Kuma tarihin Steyr da Fiat ya riga ya koya mana cewa sabuwar yau ita ce tsohuwar gobe, darajarta a lokacin za ta dogara ne da ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa da bakaniken da ya san ta a Tudun Wada. Kafin nan, tsofaffin nan ne ke kafce ƙasar da muke ci daga gare ta, kuma sun cancanci a yi musu kuɗi da gaskiya.

Don haka ɗan uwa, ranar da aka miƙo maka biro ka rubuta takardar cinikin tarakta ko ta gado, kada ka tsaya ga suna da adadi da sa hannun shaidu. Ka rubuta lambar jiki da ta inji. Ka rubuta aibobin da mai ita ya faɗa da bakinsa, da sunan bakaniken da ya duba, da kayan da suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a rubuta aibi ya riga ya gaya maka farashin gaskiya. Akwai 'ya'yan direbobi da na dillalai a cikinmu, kuma na san ba duka za su yarda da ni ba. Wanda ke da ja, fili nasa ne, amma ya zo da lissafi.